Ragon Sadakar Bakwai

Ban taɓa zaton zan dafa abincin sadakar mutumin da bai taɓa fuskantar alƙibla ba. Amma na dafa, a Doha, korona tana tsaka da cin kasuwarta, kuma har gobe idan na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na 'yarsa a unguwar Madinat Khalifa. Likitar yara ce, haifaffiyar Ingila, iyayenta mutanen Sri Lanka, mabiya addinin Buda. Ni Likita nake ce mata, ita kuma Hajiya. Kafin annoba takan leƙo da la'asar mu sha shayi, kuma duk inda hira ta zaga sai ta dawo kan mahaifinta. Ban taɓa ganin 'ya mai ji da uba kamarta ba.

Yana saurayi ya sauka a wani garin masaƙu a arewacin Ingila, ya kama aikin kwandastan bas. Ya tarar babu wurin ibada, babu limami, babu ko wanda zai yi wa mamaci addu'a irin tasu. Shi da 'yan tsirarun mutanensu suka kama hayar ɗaki a saman shagon wani mai gyaran takalma, suka aika gida aka turo musu limami. Limamansu ba sa aure, ba sa girki, abin da aka miƙa musu hannu da hannu kafin rana ta take shi ne abincinsu na yini. Bawan Allah ya sauko daga jirgi da mayafi ruwan goro, kafaɗa ɗaya a waje, cikin hunturun Turawa. Ba a daɗe ba ya kwanta ciwo. Wata tsohuwar Baturiya ce ta saƙa masa suwaita da hula kalar mayafin, aka yi ta gardama ko ya halatta ya sa, daga ƙarshe sanyi ya raba gardamar.

Haka mahaifin nata ya yi ta lanƙwasa abubuwa don kada su karye. A ƙasarsu mutane kan tsaya a ƙofar gida da abinci suna jiran limami ya wuce, a Ingila kuwa babu wanda ya san da wannan, sai ya raba wa gidaje ranaku, kowa da ranar da zai kai. Babban bikinsu na ranar cikar wata aka mayar da shi Lahadi saboda masu aiki. Turawa suka fara zuwa koyon zaman shiru, gwiwoyinsu suka ƙi naɗuwa, aka jera musu kujeru. Da yara suka taso ba sa jin yaren gida sosai, wa'azi ya koma Turanci. Daga ɗakin saman shago suka sayi gida, daga gida suka sayi wani tsohon gini mai fili, yanzu har a cikin limaman akwai Turawa 'yan garin. Ina saurare ina gyaɗa kai, don ni Bahaushiya ce, na san labarin zango. Duk inda mutanenmu suka sauka haka suke farawa, da masallacin zana da tabarma ɗaya.

Sai korona ta zo. Mahaifin nata ya fara tari, mahaifiyar Likita ta kira ta ce ta taho. Likita ta ce a ba ta 'yan kwanaki, asibiti ya cika, ba a ba da hutu, wanda ya fita ƙasar ma bai san ranar dawowa ba. 'Yan kwanakin nan ba su ƙare ba ya rasu. A waya ta kalli jana'izar ubanta.

Washegari na same ta zaune a dakalin ƙofarta, takunkumin fuskarta ya jiƙe. Na tsaya daga nesa kamar yadda doka ta ce, raina yana ƙuna da dokar. Ta ce a kwana na bakwai 'ya'ya kan ciyar da limamai, ladan ya isa ga mamaci, ga shi a nan Doha babu limaminsu ko ɗaya. Ta kira tsohon limaminsu, mai suwaitar nan, wanda yanzu ya tsufa tukuf. Ya ce ta ciyar da masu jin yunwa na kusa da ita kafin rana ta take, ya wadatar. Amma mahaifiyarta ta ce wannan rabon abinci ne kawai, sadakar da ba ta shiga hannun limami ba ba ta isa ko'ina ba, kuma wadda ba ta zo ga mai rai ba me za ta aika wa matacce.

"Hajiya," in ji ta, "ko shinkafa ban iya dafawa da kyau ba."

Na ce, "Sadakar bakwai ce za ta gagare mu? Bar mini."

Maigidana injiniya ne a kamfanin gas, mutum mai hannu sake da saurin yanke shawara. A wajensa sadakar mamaci babu nama cin mutunci ne ga mamacin. Bai shawarci kowa ba ya wuce kasuwar dabbobi, ya zaɓi rago fari tas mai ƙaho a murɗe, ya bar shi a hannun mai sayarwa a kan da safe za a kai mayanka. Don jin daɗin kansa har ya tura mana hoton, ni da Likita, ya rubuta a ƙasa cewa gudummawarsa ke nan.

Ko ajiye wayar ban yi ba na ji ana buga ƙofa. Likita ce.

"Don Allah kada a yanka. Ba a kashe rai don sadakar mamaci. Baba ko kifi ba ya bari a kawo ranar sadaka."

Maigidan ya tsaya sororo. "To me mutane za su ci, ganye?"

Na harare shi. Ya sassauta murya ya ce shi ke nan, zai mayar wa mai shi. Likita ta ce idan ya mayar ai gobe wani zai saya ya yanka, kuma an riga an ambaci sunan mahaifinta a kansa. Nan fa injiniya ya rasa lissafi. Ga rago, ga Doha, ga gidan haya wanda ko kaza ba a yarda ka ajiye ba. Daga ƙarshe ya kira wani abokin aikinsa ɗan ƙasa, mai izba, wato garken dabbobi a bayan gari. Mutumin ya sha dariya har da tari, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan, kawo shi."

Ranar bakwai ina idar da sallar Asuba na ɗora tukwane. Shinkafa da wake, mai da yaji, ƙosai, alala babu ƙwai babu kifi, da miyar alayyafo. Ban taɓa girki ina kaffa-kaffa da dunƙulen ɗanɗano ba sai ranar, kowane sai na sa tabarau na karanta ko akwai kaza a ciki. Likita tana ƙulla leda tana kallon agogo. Hantsi ya ɗaga muka nufi unguwar Fereej Abdel Aziz, wani gida da samarin zangon Gana ke zaune a cunkushe, yawancinsu kulle ya tsayar musu da aiki. Suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana miƙa wa kowa da hannu biyu, kanta a sunkuye, yadda ubanta ya koya mata miƙa wa limami.

Wani ya buɗe nasa ya leƙa. "Hajia, wannan ai wake da shinkafa ne na gida! Amma nama ya ɓace a hanya?"

Na ce, "Ci ka gode Allah. Baban Likita ne ya rasu, shi kuma ba ya son a zubar da jini."

Ya gyara tsayuwa, ya dafa ƙirji ya ce mata, "Allah shi ba da haƙuri, Dokta." Kafin rana ta take ba sauran ko ƙulli ɗaya.

Da muka dawo ta kira limamin. Yana karatu ta waya, ita tana tsiyaya ruwa daga ƙaramar buta cikin kofi har ya cika ya malala a faranti, alamar ladan ya gangara ga mamaci. Ni daga bakin ƙofa na tsaya, nawa aikin ya ƙare a tukunya. Wata daga cikin matanmu ta tambaye ni daga baya ko na nemi fatawa kafin in shiga wannan hidima. Na ce maƙwabciyata na kuka, bayin Allah na jin yunwa, ni kuma ina da wake. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Sai dai zuciyar tsohuwa, mahaifiyar Likita, ba ta sauko ba. Ko da aka buɗe hanya Likita ta je Ingila, ta dawo jiki a sanyaye. Hirarsu ta waya ba ta wuce kin sha magani, ya sanyi. Takan ce mini, "Har yanzu gani take ban yi wa Baba komai ba." Rago kuwa yana can yana ta ƙiba. Duk Babbar Sallah abokin maigidan sai ya turo hotonsa don tsokana, maigidan ya kalla ya yi ajiyar zuciya, ya tafi ya sayi wani.

Lokacin gasar cin kofin duniya, gari ya cika da tutoci da ganguna, ƙanen Likita ya zo kallon ƙwallo, ya lallaɓo tsohuwar suka taho tare. 'Yar ƙaramar mace cikin fararen kaya, bakinta a tsuke. Na gayyace su cin abinci. Uwa da 'ya suna zaune kusa da juna, ba mai kallon wani, sai ƙarar cokula. Ni kuwa ba na iya zama da shiru, sai na ɗauko labarin rago don in tsokani maigidan. Na kwaikwayi yadda ya ce "ganye?", na faɗi yadda ragon ya tsallake layya bayan layya har ya fi mai shi ƙiba. Ƙanen yana dariya har da buga tebur. Tsohuwar ta ajiye cokali.

"Daga hannun mahauci kuka karɓo shi?"

Maigidan ya ce, "Da safe za a kai shi mayanka, Mama."

"Da sunan mijina?"

"Da sunansa."

"Yana raye?"

Na ce yana nan da ransa, sai dai in ƙoshi ya kashe shi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe a kai ta.

Da hantsi muka kama hanyar bayan gari. Mai kiwo ya jawo ragon da ƙyar, ya zama ƙato, ƙahon ya ƙara murɗewa. Tsohuwar ta dafa goshinsa. Sannan ta fara magana, ba ta kalli kowa ba. Ta ce a ƙauyensu akwai sadakar da ake girmamawa ƙwarai: mutum ya fanshi dabbar da za a yanka, ya bar ta ta rayu har ajalinta. Mijinta ya samo wa komai dabara a Ingila, biki ya koma Lahadi, limami ya sa suwaita, Turawa sun samu kujeru, amma wannan ɗaya ta gagare shi. Ina zai ajiye saniya ko rago a gidan da bayansa bai wuce wurin shanya ba? Kowace shekara sai ya ce mata baɗi in ya je gida zai yi, har ya daina faɗa. Yaran ma ba su taɓa jin labarin ba, don babu amfanin koya musu abin da ba za su iya ba.

Likita ta toshe baki da hannu. Maigidana, da yake ba ya iya cin yabon da ba nasa ba, ya ce, "Mama, gaskiya ni yanka shi na yi niyya. 'Yarki ce ta hana. Da na ce zan mayar ma ita ta ƙi."

A lokacin ne tsohuwar ta juyo ta dubi 'yarta sosai, karo na farko tun saukarta. Ta ce a ba ta ruwa da kofi. Mai kiwo ya kawo gorar ruwa da ɗan kofin shayinsa. Ta durƙusa a kan yashi da fararen kayanta, ta ajiye kofin, ta kira Likita da wani suna na yarensu wanda ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Ta damƙa mata gorar, ta ɗora hannunta a kan nata.

Na ja hannun rigar maigidan muka koma wajen mota, don wannan ba namu ba ne. Yana ta murza ido wai ƙura ce ta shiga, ni kuwa ban ɓoye nawa hawayen ba, kuma ban taɓa alfahari da mijina kamar ranar ba. Daga inda muke muna hango su. Kofin ya cika ya malala, yashi yana shanyewa, ba su daina tsiyayawa ba sai da gorar ta ƙare.