Muryarta a cikin memori

Karatuna na boko aji biyu ne, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Amma idan ana gardamar wace kwamfuta cuta ta fi kamawa, ina da bakin magana, don ni na ji a jikina.

Matata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda an ɗauki hotonta ba. Murya kawai ta bar mini, ita ma ba da saninta ba. Wata rana na zauna a kan wayata, sai ta kama ɗaukar magana, daidai lokacin da take yi mini faɗa don na bar akuya ta shiga dawar da ta shanya. Sai bayan rasuwarta na tarar da faɗan a memorin wayar. Kullum in na dawo daga gona sai na kunna, a zage ni, hankalina ya kwanta.

A Kebbe, ranar kasuwa, kowa yakan miƙa memorinsa ga mai shagon caji a zuba masa abin saurare. Kwamfuta ɗaya ce, na mutanen Fakku da na makiyaya da na 'yan kabu-kabu duk ita suke shiga. Ni ma na miƙa. Da ƙarfi na ce wa'azi, a hankali na ce kiɗan dambe. Na je gida na danna, wayam. Ba wa'azi, ba dambe, ba ita.

Na koma wurin mai shago. Ya ce, "Baba, cutar kwamfuta ce ta cinye."

Tunda abu mai ci ne, na yi masa maganin da nake yi wa wake: na binne memorin cikin toka da barkono har kwana fuɗu. Bai warke ba.

Akwai ɗiyar wani abokina da ke buga takardu a wani ofis a Tambuwal. Na hau babur na same ta. Ta hure tokar, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Baba, wa ya ba ka wanga magani?"

"Likitan na gabanki, ɗiyata."

Ta ce tsarin da ke cikin kwamfutar mai shago shi ne kusan kowa ke da shi, don haka masu ƙera cuta shi suka fi nufa, ɓarawo kasuwa yake zuwa ba kufai ba. Akwai wani mai tsada, ƙofarsa a tsare, amma shi ma ba waliyyi ba ne. Nata kuwa daban ne, masu shi kaɗan ne, cutar wancan ba ta iya tafiya a cikinsa.

Na ce, "Wato waccan mashayar kowa da kowa ce, taki kuma rijiyar gida."

"Haka ne, Baba. Amma rijiyar gida ma tana ɓaci in mai ita sakarai ne."

Ban tambayi wanda take nufi ba.

Ta sa memorin. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Can ta ce cutar ba ci ta yi ba, ɓoyewa ta yi. Ta danna, sai ga murya ta cika ofis: "Malam, kai da akuyar ga ban san wa ya fi wani hankali ba!"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Ni kuwa na ɗaga kai ina kallon fanka, kamar ban taɓa ganin irinta ba.

Ta ajiye mini kwafi a kwamfutarta, ta ce ko in zuba maka damben? Na ce bar shi. Tun ranar memorin nan bai sake shan ruwa a mashayar kowa ba.

A ƙarshen faɗan, muryarta takan sauko, ta ce, "To, taso ka ci tuwo kafin shi huce." A ranar da abin ya faru fushi nake yi, ban amsa mata ba, har shiruna ya fito a ciki. Yanzu duk sanda ta faɗa sai na amsa.