Amarya a Layin Famfo

Ni ban shiga makarantar boko ba ko na yini ɗaya, kuma ban taɓa jin an bar ni a baya ba. 'Yar ƙanwata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Abin da na iya shi ne allura. A unguwar Aboabo, cikin ƙasar Asantawa, aka haife ni, a nan na tsufa, kuma in ka tambayi gidan tsohuwar da ke ɗinka bargon faci, ko mai tallan ruwa za ta nuna maka ƙofa.

Asantawa sun daɗe suna haɗa guntayen atamfa su yi zane, suna ce masa asasawa. Nawa ba irin nasu ba ne. Su launi suke jerawa kusa da launi, ni kuwa mutane nake sawa. Telolin layinmu suna tara mini abin da almakashi ya bari, atamfa da leshi da shadda, in wanke, in goge, in zuba a tsohuwar kwalla. Bayan bargo buhun fulawa ne, wanda na dafa har rubutun jikinsa ya fita. Tsakiyarsa tsohon bargon gwanjo, mai laushi. A sama nake shimfiɗa labarin, sannan in bi duka ukun da allura, da hannu, ɗinki kusa da ɗinki. Na yi tashar trotro ta unguwar Tafo, da motocin hayarta da kwandastocinta. Na yi ranar da ake sauke shanu daga mota. Na yi ruwan sama, da bokitai jere a ƙarƙashin bakin kwano. Abu ɗaya ne ba na sawa, fuska. Tun farko wani malami ya ce mini in bar ido da hanci, sai na riƙa yanka ƙyalle mai ruwan ƙasa in sa shi haka, sumul.

Akwai wata malamar jami'a, 'yar Asante, da take zaune wajen unguwar Ayigya. Ita take ɗaukar aikina ta kai Ankara, babban birnin ƙasarmu, a rataye a bango kamar hoto. Da farko abin ya ba ni haushi, bargo da ba a rufa da shi, amma na saba. Da Twi, yaren Asantawa, muke magana da ita, kuma ba ta taɓa taya kayana da raini ba. Wata shekara ta ce tana son babba, wanda za a rataye a wani taro, ni in zaɓi abin da zan sa. Na ce mata za ta ga layin famfo.

Famfon unguwarmu yana bakin titi, kuma ba kullum yake kawo ruwa ba. Ranar da ya kawo, duk matan gidanmu da na maƙwabta sai su fito da galan-galan da bahuna su yi layi. Nan ake jin wanda ya yi aure, da wanda ya dawo daga Makka, da wanda aka gani inda bai kamata ba. Ni na daina ɗiban ruwa tuntuni, kujera nake fitarwa in zauna in yi kallo. Da na tashi yin bargon sai na ce kowace mace zan sa mata zanenta na gaskiya. Ba wuya. Tela ɗaya ke yi wa yawancinsu ɗinki, kuma na san guntun kowa a cikin kwallata.

Na daɗe a kansa. Da na gama na shanya shi a igiyar tsakar gida don ya sha iska, da hantsi, lokacin da maza suka watse. Ban kira kowa ba. Mai kokon gidanmu ce ta fara gani. Tsarata ce, tare muka yi ƙuruciya, kuma bakinta bai taɓa hutawa ba.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Hajiya, wace ce wannan mai ɗuwawu kamar buhun masara, da atamfar sunan jikana a jikinta?"

Na ce, "Ban sa wa kowa fuska ba."

"Fuskar me? Wannan zanen ni kaɗai na ɗinka shi da wuyan nan. Kin ƙara mini, wallahi kin ƙara."

"Ragewa na yi. Ƙyallen ne bai isa ba."

Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika. Wannan ta ga kanta da goyo, waccan ta ga kanta tana nuna wata da yatsa, ta rantse ita ba ta faɗa a famfo. Matar mahauci ta ce me ya sa aka sa ta a ƙarshen layi alhali kullum ita ce ta fari. Aka ce mata galan ɗinta ne ke kwana a can, ba ita ba. Ana ta dariya. Kowace kanta take nema, in ta samu sai ta tsaya a nan.

Akwai wata yarinya a ɗakin da ke kusa da ƙofa, matar mai gyaran babur. Daga arewa aka kawo ta, ta yi shekaru a gidan amma ba mu daina ce mata amarya ba, don ba ta haihu ba tukuna. Yarinya ce mai shiru, kullum cikin babban mayafi. Ita ta fito daga baya. Na sa ta a gefen dama, can ƙasa, da koriyar atamfarta mai zanen ganye. Na ga ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗauko wani zane da ta wanke ta shanya shi a kan wannan gefen, kamar igiya ce ta yi mata kaɗan, ta koma ɗaki. Ba wadda ta lura sai ni.

Bayan azahar ta yi sallama a ƙofata. Na riga na shigo da bargon na naɗe a kan gado. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana murza bakin mayafi.

Na ce, "Amarya, faɗi."

Ta ce, "Mma Hajiya, wa ya gaya miki?"

"Gaya mini me?"

Ta buɗe gefen bargon ta sa yatsa. Ga ta nan tsaye a jikin bargon, hannu ɗaya a bayan ƙugu, ta ɗan karkata baya, zanen ɗaure sama da cibiya. A ƙarƙashin zanen na cusa 'yar auduga kaɗan, gaban ya ɗan taso. Haka na gan ta wata safiya da ta sauke baho, mayafin ya zame, kuma haka hannuna ya ɗinka. Na haifi 'ya'ya, na karɓi haihuwar wasu. Ba sai an gaya mini ba.

Ta ce ko uwar mijinta da ke Tafo ba ta sani ba. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu ana sanarwa da wuri, ana zuwa yi mata barka da addu'a, ana taɓa ta, sau biyu kuma yana zubewa. Wannan karon ita da mijinta suka ce ba wanda zai ji sai ranar da Allah ya sauke ta. Tana tsoron baki. Ko a asibiti wani na nesa take zuwa, don kada ta haɗu da 'yar unguwa.

"Gobe za su ce a sake fito da shi," in ji ta. "Yau kowa kanta ta duba. Gobe juna za su duba. Don Allah, Mma, ki cire ni."

Ni a rayuwata ban taɓa farke aikin da na gama ba. Malamar ma ta taɓa cewa in canja mata launin wata mota, na ce ta je ta sayi tata allurar. Amma ba wannan ne ya hana ni ba. Na nuna wa yarinyar yadda zaren ya ratsa har bayan bargon. In na cire ta, wurin zai nuna, kuma layi zai yi giɓi. Matan nan sun ga koriyar atamfa ko da ba su tsaya a kanta ba. In suka dawo suka tarar babu, tambayar da za su yi ta fi wadda take tsoro.

Ta ce, "To ki cire audugar."

Na ce, "Tsayuwar fa? Ko ba auduga, duk wadda ta taɓa haihuwa ta san wannan tsayuwar."

Sai ta fara hawaye, ba sauti. Na bar ta ta yi. Ina zaune ina kallon bargon, ina lissafin abin da ke cikin kwallata. Can na ce ta miƙo mini ita. Na tono har ƙasa na samo wani ƙyallen shafi mai ruwan toka, mai ɗan sheƙi, wanda ya rage daga rigar wata amarya. Na ɗora a gwiwa na yanka shi da faɗi.

"Da wane baho kike zuwa famfo?"

"Na silba, babban."

"To yau za ki rungume shi."

Na ɗora bahon a gabanta, daga ƙirji har cinya, kamar ta tallabe shi a ƙugu tana jiran layi. Hannun da ke baya na bar shi, sai ya zama kamar nauyin bahon ne ya sa ta karkata. Na yanko siririn ƙyalle mai ruwan ƙasa na yi ɗaya hannun ya zagayo bakin bahon. Ita ta riƙa sa mini zare a allura, don idona ba ya ganin kafar sosai yanzu. Ban cire komai a ƙarƙashi ba. Muka yi ta yi har aka kira la'asar. Da na gama ta shafa wurin da tafin hannu, ta sake shafawa, ta ce Allah ya saka. Na ce ta tashi ta je ta ɗora girki kada mijinta ya ce na riƙe masa mata.

Washegari kuwa, kamar yadda ta faɗa, har matan gidan da ke bayanmu suka zo. Aka shimfiɗa bargon a kan tabarma a tsakar gida. Aka bi layin mace bayan mace, ana faɗin wane biki aka yi wannan yayin, wato anko, wa ta ci bashin wancan leshin. Amarya tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa, kanta a ƙasa.

Mai koko ce ta kai gefen dama. Ta tsaya. Ta sunkuya da ƙyar, ta sa yatsa ta danna bahon, ta ji taushin da ke ƙasa. Ta ɗago ta dube ni. Ni ma na dube ta. Mun san juna tun ba mu ɗaura zane ba.

Ta miƙe ta ce, "Wannan ai son kai ne. Ni an ba ni ɗuwawu, amarya an ba ta sabon baho. Amarya, bahon nan ya fi ƙarfinki. Daga yau ki ajiye shi a ƙofa, 'yan matana za su cika miki in sun je nasu."

Amarya ta ce, "A'a, Mma, zan iya."

"Ban tambaye ki ba."

Matar mahauci ta buɗe baki za ta yi magana, mai koko ta juya ta tambaye ta ko mijinta ya daina sa ƙashi a awo. Nan faɗa ya koma can, aka manta da gefen dama.

Malamar ta zo da mota bayan 'yan kwanaki. Ita mace ce mai lura, takan bi aiki da yatsa daga wannan baki zuwa wancan. Ta tsaya a kan bahon ta ce a nan ɗinkin ya fi kauri, mene ne a ciki? Na ce mata baho ne, ai ba a zuwa famfo da faranti. Ta yi dariya, ta naɗe, ta tafi da shi Ankara. Daga baya ta nuna mini hotonsa a wayarta, a jikin wani farin bango, mutane tsaye a gabansa da hannu a baya.

Watannin da suka biyo baya ban ji ko mace ɗaya ta ambaci abin ba, a gidan da ba a iya ɓoye ko sabon takalmi. Cikin ya fito har mayafi ya kasa rufe shi, amma in amarya ta wuce sai a ce mata sannu da aiki, a ci gaba da hira. Wata ta kawo mata kunu ta ce ya yi mata yawa ne. Wata ta karɓe mata sharar tsakar gida ta ce tana son motsa jiki. Uwar mijin ma da ta zo daga Tafo ta gani da idonta, mai koko ta tare ta a zaure, ban san me ta ce mata ba, amma matar ta shiga ta gaisa ta fita ba ta yi guɗa ba.

Da damina amarya ta sauka lafiya, ta haifi mace, mai gashi. Ranar suna aka kafa rumfa a titi, muka yi yayin wata shuɗiyar atamfa. Mai jego tana zaune a ɗaki, mata sun cika shi har bakin ƙofa. Mai koko ta kutsa ta karɓi jaririyar, ta juya ta, ta duba 'yan yatsunta, sannan ta dubi uwar ta ɗaure fuska.

"Amarya, ashe ciki ne da ke? Muna gida ɗaya ki yi mana haka, ko ki gaya mana?"

Matar mahauci ta ce, "Ni na ɗauka tuwo ne ya karɓe ta."

Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa don dariya, har sai da jaririyar ta farka ta fara kuka aka miƙa mata ita.