Tasi'u da Ƙaiƙayin da Ya Manne wa Motar Alhaji

Ranar Laraba na sayo gwangwanin man folish, na lafta wa motar yayan matata, Alhaji Inuwa, kamar mai shafa wa yaro basilin. Amana ya bar mini ita ya tafi Umara, ran Juma'a kuma ni zan ɗauko shi a filin jirgi. So nake ya ganta tana ƙyalli. Ban lura rana ta take ba, ga matan gidanmu suna shiƙar gero a bayan danga. Man ya bushe, ƙaiƙayi ya manne, baƙar mota ta koma kamar furar da aka birkiɗa a gari. Na dirje bonet da buhu, abin ya ƙara lalacewa.

Na ja motar na nufi wajen Tasi'u. Da damina manomin gyaɗa ne, in an gama girbi sai ya koma gindin tsamiya a bakin titin Minjibir da ɗan janaretansa da injin goge mota. A Bacirawa ya koyi aikin. Ba ya son magana, ni kuwa ita ce abincina.

Ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda iska ta nufa, ya sa na juya motar. Ya taɓa bonet da bayan hannu, ya ce sai ta huce. Ya wanke ta, ya sake wankewa, wai tsakuwa ɗaya in ta shiga soson injin sai ta zane jikin motar kaf. Man kuwa ɗigo-ɗigo ya sa a soso, kamar ƙwayar wake, ya baza shi kafin ya kunna injin. A hankali yake tafiyar da shi, ba ya barinsa wuri guda. Na tambaya ko za ta dawo daidai, ya ce sai an share da tsumma za a gani. Na yi ta zuba barkwanci, ko murmushi bai yi ba.

Da ya share, har fuskata na gani a ƙofa. Sai dai a bonet ga zane guda, aikin buhuna.

Na ce, "Tasi'u, don Allah ɗan danna injin a nan."

Ya kashe janareta.

"In na danna, fenti ya ƙone, Malam Sabo. Ran Juma'a ka zauna a kan wurin ka yi ta yi wa Alhaji surutu. Bakinka ai ya fi injina gudu."