Mun Kai wa Mushe Illa Hoton Tauraron da Rami Ya Cinye

Madawa

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da ɗiyata Zuwera. Ni ɗan kasuwar albasa ne, ban san komai a sama ba sai hadari. Ita kuwa daga ƙasar waje ta zo hutu, inda take binciken sararin samaniya, kuma jibi za ta koma. Ta rantse ba za ta tafi ba sai Mushe Illa (haka muke kiran malamin boko), wanda ya koyar da ita a Keita, ya ga sakamakon aikinta da idonsa. Takarda ce guda, ta rungume ta kamar jinjiri. Na yi ta mita don ranar kasuwa ce, amma na bi ta.

Hanyar Buza

Motar ta tsufa, direban ya fi ta. Bayan jandarmomi sun duba takardunmu, wata tsohuwa ta tambayi Zuwera abin da ke cikin takardar da ta rungume. Da na sani da na toshe mata baki. Zuwera ta ce akwai garke-garken taurari masu nisan gaske, kowanne da wani baƙin rami a tsakiya wanda ko haske bai kuɓuce masa. In tauraro ya ratsa kusa, ramin ya ja shi, ya miƙe shi kamar danƙo, ya yayyaga, ya haɗiye. Walƙiyar da ke tashi kan bugi hayaƙin da ke kewaye, har ƙarfen da ke cikinsa ya yi shekaru yana haske. Cikin dubban garke, 'yan kaɗan ke nuna wannan alama, kuma ita ta gano ɗaya.

Direba ya waiwayo har muka kusa faɗawa kwazazzabo.

"Tauraro sukutum? To mi zai hana shi cin rana?"

Zuwera ta ce ramin namu garken na da nisa ƙwarai da rana. Tsohuwar dai salati ta yi ta yi har Buza. Ni ma furar da muka saya a tasha ko rabi ban sha ba.

Keita

Daga Buza muka sauya mota, duwatsu suka girgiza mana hanji, muka isa bayan azahar. Matar Mushe ta tarbe mu tana sunkuyar da kai. Muka iske shi zaune a tabarma. Zuwera ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa takardar. Ya miƙo hannu, sai hannun ya wuce gefe yana lalube.

Innalillahi! Ashe idon ya tafi tun bara. Kullum a saƙon muryarsa lafiya lau yake ce wa Zuwera, ya kuma hana kowa ya faɗa, wai kada ya ɓata mata karatu. Na rasa inda zan sa fuskata.

Zuwera ta ajiye takardar gefe. Can ta share ƙasa da tafinta, ta kama yatsansa, ta ja layi da shi irin wanda ke zane a takardar, a kwance, a kwance, sai ta cilla shi sama kamar ƙaya.

"Nan ne ƙarfen, Mushe."

"Sake, ɗiyata. Kin yi sauri."

Ta sake. Ya ce ta ƙara. Har la'asar suna nan, tuwon da aka kawo ya huce.

Gida

Mun kwana wurinsu, washegari muka iso Madawa da yamma. Na gode wa Allah da ya kai mu muka iske shi da rai, na gode wa matarsa da ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai. Zuwera kuwa ko sau ɗaya ba ta bari ya ji kukanta ba. Sai da mota ta fita Keita ta kifa kai a kafaɗata, kuma har Buza ba ta ɗago ba.