Mumuni Mai Hoto da Kayen Ƙarshe na Seyni

Kafin masunta su gama sauke kamun safe a bakin kogi, Malam Mumuni ya riga ya buɗe ɗan shagonsa da ke bayan tashar Gaya. Ba ya taɓa komai sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera gilasan aparai ɗinsa, wato na'urar ɗaukar hoto, ya hure su, ya goge su a hankali kamar mai wanke fuskar jariri. Daga nan sai masu neman hoton katin shaida su fara shigowa, da direbobin kamiyon, manyan motocin kaya, masu sabunta takardu. Wannan shi ne aikin da ya ciyar da gidansa. Amma in kaka ta yi, aka gama yankan shinkafa, makaɗa suka fara ɗaure ganguna, to da la'asar ba ka samun Mumuni a shago. Yana filin kokowa, durƙushe a bayan buhunan rairayin da aka kewaye fagen da su, ido ɗaya a rufe.

Ya fara wannan aiki tun zamanin fim. Manya suna tuna yadda yake naɗe fim ɗin a leda, ya ba wani direba ya haye gada da shi zuwa Malanville a wanke, a yi ta jira. Ranar da hotuna suka dawo, shagon ba masaka tsinke. 'Yan kokowar garin Bana da na Dioundiou sukan zo da ƙafa ko a keke don kawai su ga fuskarsu a takarda. Da aparai na zamani ya shigo, wanda ba ya bukatar fim, Mumuni ya koya da furfurarsa. Da wayoyi suka cika aljihun mutane, abokan sana'arsa suka rufe shaguna suka kama wata hanya. Shi ya zauna.

Kai ne, Mumuni, wanda bai taɓa sayar da hoton faɗuwar wani ba sai da iznin mai faɗuwar. Mutane sun ga an bi ka har gida ana neman hoton wani zakara yana cin ƙasa, don a liƙa shi a rumfar shayi a yi dariya. Ka ba su ruwa suka sha, ka raka su ƙofa hannu wofi.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, shi ne haske. A kokowa ƙanana ke fara shiga tun rana na sama. Manya sai can dab da magariba, lokacin da inuwa ta cinye fili, ƙura ta tashi ta yi ja. A wannan lokacin tsohon aparai ɗinsa yakan gaza. In ya ba shi lokaci ya sha haske, mutanen sai su fito kamar hayaƙi, hannu ya narke cikin ƙafa. In ya matsa masa ya yi sauri, hoton ya yi duhu, ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa tsakin gero. Filashi kuwa ba ya isa tsakiyar fage, kuma Mumuni ba ya yarda ya haska idon mutumin da ke tsakiyar kamu.

Wata safiya Seyni na Bana ya shigo shagon. Seyni ɗan kokowa ne da ya daɗe yana riƙe da sunan yankin, kuma da yake babba ne, kullum a ƙarshe yake shiga. Ya tsaya yana duban hotunansa da ke jikin bango: ga shi tsaye da layu, ga shi yana kirari, ga shi an ɗaga masa hannu.

"Baba Mumuni," ya ce, "bana zan ajiye. Gwiwa ta ƙi."

"Allah ya sa a gama lafiya. Ai ka yi abin da za a tuna."

"Wa zai tuna? Dubi bangon nan. Duk a tsaye nake kamar mai jiran mota. Jiya ɗiyata ta tambaye ni ko da gaske ina kayar da mutane, ko kuwa rawa kawai nake yi."

Ya yi dariya, amma Mumuni bai taya shi ba. Ya san gaskiya ce. Duk manyan kayen Seyni a gabansa aka yi su, ya danna, kuma ba ko ɗaya da ya fito.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Hasiya cewa zai sayar da babur ɗinsa ya canja gangar jikin aparai. Gilasan gaba, waɗanda ake ce wa objektif, lafiyarsu lau, ba zai rabu da su ba. Jikin ne ya tsufa. Akwai sabon samfuri mai faffaɗan ido a ciki, wanda ke gani a ɗan haske, yana bin fuskar mutum duk inda ta juya, yana kuma ɗaukar hotuna a jere da dannawa ɗaya.

"Maigida," in ji Hasiya, "kai da kake cewa ka kusa barin aikin? Da wace ƙafa za ka riƙa zuwa ƙauyuka?"

"Da wadda na fara da ita."

Ta ce, "To ka sayi takalma masu kyau."

Lokacin an rufe gada, mota ba ta hayewa. Alassan, wani direba abokinsa da ke zuwa Kotonu, shi ya ɗauki saƙon. Mumuni ya nanata masa har ya gaji: a tabbata bakin jikin ya dace da tsofaffin gilasansa, in ba haka ba an sayo dutse. Kayan suka iso ta kwalekwale, a naɗe cikin leda a tsakiyar buhun gari. A nan bakin ruwa Mumuni ya zaro tsohon objektif daga jaka, ya ɗora, ya murɗa. Da ya ji ɗan ƙas ɗin nan, sai ya zauna a kan wata kifaffiyar kwalla yana ta hamdala.

Koyon ya ba shi wuya. Maɓallan ba sa inda yatsansa suka saba, rubutun cikin kuma ƙanana ne, sai da tabarau. Ya riƙa sauka bakin kogi kowace yamma yana gwadawa a kan masunta masu jefa tarun birgi. Suka yi ta yi masa ba'a, wai tsoho ya koma lakwal, ya zama ɗan makaranta. Ranar da ya nuna wa wani hoton tarunsa a buɗe cikin iska, kowane ɗigon ruwa a tsaye, ba'ar ta ƙare, suka shiga layi.

Ranar wasan ƙarshe na Seyni, filin ya cika har kan katanga. Seyni ya shiga kusa da ƙarshe, rana ta riga ta taɓa kan bishiyoyi. Abokin karawarsa ya kai masa hannu, Seyni ya nutse, ya kama cinya, ya ɗaga. Mumuni ya riƙe numfashi ya danna, aparai ya yi ta tatata a tafin hannunsa. Bai duba ba. Daga baya ya ce tsoro ne ya hana shi.

Sai karon ƙarshe, da Yacuba, wani matashi na Gaya mai ƙarfi kamar bijimi. Haske saura kaɗan. Suka daɗe a sarƙe, gwiwar Seyni ta ci amanarsa, ya tafi ƙasa. Ganguna suka fashe. Yacuba bai yi rawa ba. Ya sunkuya ya ɗago Seyni, ya share masa rairayi daga kafaɗa.

Kashegari Seyni ya zo yana ɗingishi. Mumuni ya ajiye masa hoton farko a kan tebur. Ga shi nan, jijiyoyin wuya a miƙe, mutum a sama ƙafafu na neman ƙasa, rairayi a tsaye cikin jan haske. Seyni ya daɗe yana kallon hoton. Da ya yi magana, muryarsa ta sauya.

"Ashe haka nake."

"Haka kake tun farko. Aparai ne bai iya gani ba."

"Na biyun fa? Na san ka ɗauka."

"Yana ciki. In ka ce a goge, yanzu zan goge."

"Wanke min shi, Baba. A rataye su tare. Wanda ya kayar da ni ɗan kirki ne, ina so yarana su san fuskarsa."

Yau hotunan biyu suna zauren Seyni a Bana, baƙi na tsayawa a gabansu kafin su zauna.

A wannan shekara Malam Mumuni ya sanar cewa ya gama da fage. Durƙuson ya yi masa yawa, idon dama kuma ya fara hazo. Kai ne idon fili, Mumuni. Ka bi ƙura da zafi, ka taka da ƙafa zuwa ƙauyukan da mota ba ta damu da su ba, don kada ƙarfin 'ya'yan mutane ya wuce ba shaida. Mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka maka da alheri, ya sa ka daɗe a cikinmu.

Ku kuma matasa masu wayoyi da sababbin aparai, ku je ku zauna wurinsa tun yana nan. Zai koya muku inda ake tsayawa, da lokacin da ake jira, da hoton da ba a nuna wa kowa. In kun je, ku yi mana aiki ɗaya. Mai wannan rubutu ya bincika gidajen Gaya da na Bana, ya tambayi Hasiya da kanta, ba a sami hoton Mumuni ko guda yana bakin aiki ba. Ku fito da shi ƙofar shago, ku rataya masa aparai ɗinsa a wuya, ku ɗauke shi. Zai ce muku hasken bai yi ba. Ku ɗauka duk da haka.