Mai Injin da Ya Mayar da Ni Makaranta

Duk sa'ad da na ji ƙarar injin niƙa, ko da na hatsi ne, sai kakana ya faɗo mini a rai. A ƙauyenmu da ke ƙasar Anka, inji ɗaya ne ya fi kowane amo, na wani attajiri mai sayen zinari, wanda ake niƙa dutse da shi. Ƙurarsa ce ta shiga gidajenmu har gubar dalma ta ɗebe yara, cikinsu har da ƙanwata. Bayan haka attajirin ya kwashe kayansa ya koma Gummi.

Shekaru suka shuɗe. Na gama aji uku na sakandare, ƙarfin gidanmu ya ƙare, na koma jidar dutse a bakin rami. Ran nan da kaka, ana sussukar gero, sai ga attajirin nan ya yi sallama a gidanmu. Ya ce yana tattara samarin da suka bar karatu, zai ajiye su gidansa har su gama aji shida.

Kakana bai shimfiɗa masa tabarma ba.

"Alhaji, mi za ka samu cikin wanga al'amari?"

"Ba komi, Baba."

"Wancan karon ma hakanan kac ce."

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce 'yan bangar siyasa yake nema, wasu suka ce sabon rami ya samu yana son masu haƙa. Inna ta ce ɗiya ɗaya ta riga ta ba mutumin nan, ba ta ƙara na biyu. Ni kuwa ina son komawa aji, ina kuma tsoronsa.

Sai da aka gama kai amfani rumbu kakana ya yanke magana. Ya ce ramin da nake zuwa ma ba amintacce ba ne, don haka zan tafi, amma idonsa na bisa kaina.

Ya kuwa cika. Sai dai in fito daga aji in hango shi gindin darbejiya da sandarsa, ba sanarwa, ya biyo motar 'yan kasuwa. Yakan buɗe tafin hannuna ya duba ko da kantar aiki. Ko ruwan gidan Alhaji bai taɓa sha ba. Ni ma da ido ɗaya nake barci. Ranar da Alhaji ya ce mu shiga mota, na riƙe murfin ƙofa, na ƙudurta in aka nufi daji zan dira. Asibiti ya kai mu, aka auna ko da sauran dalma a jininmu.

Da na ci jarrabawa, na zaci tsohon zai sauko. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ya tsamo ɗaya. Waɗanda ke kwance cikin kabari fa?" Har ya rasu bai yi wa Alhaji godiya ba, bai kuma hana ni gaishe shi ba.

Yau ni malami ne, ina bin ƙauyukan Bukkuyum ina roƙon iyaye su bar yaransu su ƙarasa karatu. Wasu garuruwan ma ba su shiguwa yanzu. Inda na samu shiga, tsofaffi kan ƙare mini kallo su tambayi ribata. Ba na jin haushi. Nakan kwatanta musu inda makarantar take, in ce su zo duk ranar da suka ga dama, kada su sanar da ni.