'Yan Tsaki a Bututun Injin Hajiya

Jama'a, yau an kira ni macuci saboda 'yan tsaki!

Makon jiya na gyara wa wata Hajiya injin busar da kaya a Rayfield. Yau ta bugo waya, wai kaya ba sa bushewa, ga ƙauri kamar gobara. Ina shiga ta ce, "Malam Sani, ashe kai macuci ne? Ka lalata min inji!"

Na kwance injin nan kaf, lafiyarsa lau. Sai na zagaya bayan gida in duba bututun da ke fitar da iska mai zafi. Me zan gani? An cusa bakinsa cikin kwali, an toshe da tsumma. Ina buɗewa, sai ga 'yan tsaki suna shan ɗumi!

Mijinta ya rugo yana cewa, "Rufe, rufe! Sanyin Jos zai kashe min su!"

Na ce, "Alhaji, gidan fa zai iya ƙonewa!"

Ko haƙuri Hajiya ba ta ba ni ba. Wai in gyara yadda kaya za su bushe, tsakin ma su ji ɗumi.

Ni mai gyara ne ko uwar kaza?